Gwiwar Emmett da Allon Kwana Dubu

Alder Falls, Wisconsin
10 ga Maris

Zuwa ga yayana Wendell,

"Ki bar mini wannan, Renata. Da idona na gani, da hannuna zan rubuta. Mako uku kawai nake roƙo." Ka gane mai maganar? Kai ne, ranar Lahadi ashirin da biyar ga Agusta, a kicin ɗina, kana zaune kan tsohuwar kujerar Baba kana cin yanka na biyu na kek ɗin tuffa. Na fara da ita ne saboda labari ya iso mini cewa mantuwa ta kama ka tun da ka yi ritaya ka koma Arizona, ƙasar rana. Amma Mama ba ta rene mu mu tari mutum da faɗa ba gaisuwa ba, don haka zan gaishe ka yadda ya kamata, da zuciya ɗaya kuma, sannan mu dawo kan zancen.

Ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Darla. Allah ya ƙara mata sauƙin hawan jinin nan, ya sa zafin garin Yuma ya karɓi ciwon bayanka kamar yadda kuka yi fata. Mu nan sanyi ya fara saki. Ƙanƙarar kan tafki ta yi laushi, masu kamun kifi sun janye bukkokinsu, titinmu kuwa ya zama taɓo zalla. Mama tana nan garau a gidan kula da tsofaffi, tana cinye kowa a karta har wata mata ta kai ƙararta wurin ma'aikata wai tana leƙen hannu. Duk Lahadi sai ta tambaye ni ko ka bugo, ni kuma in ce mata layin Arizona ne ba shi da kyau. Na gaji da wannan ƙaryar. 'Yarmu Annika ta shiga shekara ta biyu a makarantar jinya, ta rame amma tana son karatun. An fara soyayyen kifin Juma'a a coci, kuma har yanzu ba a sami wanda ya iya kwaɓin fulawa irin naka ba. Na faɗa ne don gaskiya ce, ba don na huce ba. Mijina Emmett yana nan, zan zo kansa. Bai san ina rubuta wannan ba.

Za ka yi mamakin ganin takardar rajista, wadda sai ka sa hannu kafin a miƙa maka, daga ƙanwarka ta ciki ɗaya. Sau bakwai na buga maka waya tun Janairu. Sau uku Darla ta ce ka tafi ninkaya, sau biyu kana barci, sau ɗaya ka je sayen taya. A na bakwai ina jin tarinka a bayanta tana gaya mini ka fita. Shekara ashirin da shida ina aiki a ɗakin adana takardun tarihi na jami'a, ina karanta wasiƙun mutanen da suka daɗe da mutuwa, kuma na ga yadda mutum yake musun abin da ya ji da kunnensa. Abin da ya sa wa hannu ne yake ba shi wahala. Shi ya sa na biya kuɗin rajista.

Tunda ka manta, bari in tuna maka daga farko. Asabar ce, ashirin da huɗu ga Agusta, ranar da sababbin ɗalibai ke tarewa a ɗakunan kwana. Kai ne sajen 'yan sandan jami'a da ke kan aiki, Emmett kuma yana tsaye a gangaren da ke gaban dogon ginin arewa yana raba motocin iyaye. Wani uba ya loda wa amalanke firji da akwatuna har sun fi shi tsayi, sannan ya sake ta don ya amsa waya. Amalanken ta gangaro. A ƙasa wata mata ce ta ba da baya tana gyara wa jaririyarta hula a keken tura yara. Mijina, mai shekara hamsin da huɗu, ya sha gaban amalanken ya tare ta da jikinsa. Firjin ko ƙwarzane bai yi ba. Gwiwarsa ta dama kuwa ta murɗe har shi kansa ya ji ƙararta. Kai ka ɗaga shi, kai ka zaunar da shi a motar sintiri, kai ka karɓo ƙanƙara wurin masu raba lemo ka ɗaure masa da tawul. A cikin motar ya ce maka, Saje, wannan fa sai an rubuta. Haka yake kiran ka a bakin aiki shekara ashirin da biyu, duk da kai ka tsaya masa ranar aurenmu. Ka ce masa ya bari gobe ku yi magana.

Ni da kai mun san abin da ya sa sai gobe. Allon nan ne na ɗakin taruwarku, sama da tukunyar gahawa, wanda ake rubuta wa da alli kowace safiya kwana nawa aka yi ba wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ban san wane mai basira ne ya ƙirƙiro al'adar ba, cewa duk wanda ya kai rahoton rauni shi zai goge lambar da hannun rigarsa a gaban kowa, ya rubuta sifili, ya sayo wa kowa donot, soyayyen burodin nan mai zaƙi, sunansa kuma ya koma Sifili har ranar da wani zai karɓe shi. Abokin aikinku Pruitt, bawan Allah, kare ne ya cije shi a bayan ɗakin karatu, yau sama da shekara uku har masu shara Sifili suke kiran sa. Ƙarti masu bindiga a ƙugu, sun fi tsoron guntun alli a kan karayar ƙashi. Ranar nan allon yana kan ɗari tara da tamanin. Kai kuwa tun watan Afrilu ka zauna da kalanda ka tsayar da ranar ritayarka, sha uku ga Satumba, don ta faɗa daidai kan kwana dubu. An riga an ba da aikin kek mai ɗaya da sifili uku a kai. An riga an sassaƙa sunanka a farantin tagullar da za a kafa a bango.

Washegari bayan coci ka zo. Emmett yana kwance a falo gwiwa ta kumbura kamar kabewa, ni kuma na riga na buga fom ɗin kai rahoto na ajiye a tebur da biro a kai. Ka ɗauka ka duba, ka ce mini ai ƙa'ida kwana talatin ta bayar, kai mako uku kawai kake bukata, sauran ma ragi ne. Ka ce washegarin liyafar ritayarka takardar za ta isa teburin shugaban 'yan sanda da ainihin ranar da abin ya faru, jinkirin kuma a wuyanka, tunda wanda ya yi ritaya ba a tsare shi a ofis a yi masa faɗa. Ka roƙi kada ya je asibiti kafin nan, don likita zai tambayi inda ya ji ciwon, takardar asibiti ta riga taka isa. Ka leƙa falo ka ce, haba ango, firji ne fa, ba jirgin ƙasa ba. Ya yi dariya yana cije leɓe. Ka ninke fom ɗin ka sa a aljihun rigarka ta coci. Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ni da nake karanta ƙananan rubutun jikin kwalin magani, ni da ba na sa hannu a komai sai na bi shi layi layi, na bar ka ka fita da takardar nan, har na ƙunsa maka sauran kek ka kai wa Darla. Da wani ne ba kai ba, ranar Litinin da safe da ni za a buɗe ofishin.

Aka yi liyafa, aka ci kek, aka tafa. Ranar Litinin kuka loda motar nan taku mai ɗaki da kicin a ciki. Emmett ya ɗingisa har bakin ƙofarta ya tambaye ka ko ka miƙa, ka daki aljihun ƙirjinka ka ce an gama, ango, kwantar da hankalinka. A lokacin saura mako guda wa'adin ya cika. Ina zaton fom ɗin har yau yana cikin aljihun rigar cocin nan. Ya ga Nebraska, ya ga duwatsun Colorado, yanzu yana shan rana a Arizona. Ofishin da ke nesa da kujerarka da taku goma sha biyu ne kawai bai gani ba.

Kumburin ya ɗan sauka, sai Emmett ya ɗauka abin zai wuce. Wata uku ya yi yana aiki da bandeji a ƙarƙashin wando. Duk Asabar ɗin da ake wasan ƙwallo awa shida yake yi a tsaye a bakin ƙofar fili, ya dawo gida ya sauko daga mota kamar tsohon da ya haura tamanin. Da baya da baya yake sauka matakalar gidanmu. Sau biyu na ce masa ya je ya tambayi lambar fayil ɗinsa ya ga likita, ya ce mini irin wannan takarda tana daɗewa, kuma Wendell ya ce an gama. Ƙarshen Nuwamba ya bi abokansa sansanin farautar barewa kamar kowace shekara. Ka fi kowa sanin abin da yake kai shi can: tukunyar wake da nama mai yaji. Rabonsa da harbin barewa tun Annika tana 'yar shekara shida ta ga ɗaya a bayan mota ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Kwana biyu da dawowarsa, uku ga Disamba, ya ɗauko buhun gishirin zuba wa ƙanƙara a bakin ƙofarmu, ƙafar ta naɗe a ƙarƙashinsa, ya kasa tashi. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce jijiyar ta daɗe da tsinkewa, tafiya a kanta ta cinye guringuntsin har ƙashi yana gugar ƙashi. Ya ce da a Agusta aka kawo shi, ƙaramin aiki ne da hutun mako shida. Yanzu babbar tiyata ce, kuma duk watan da aka ƙara abin yana ƙara lalacewa.

Ni na tuƙa shi ofishin ma'aikata. Matar da ke wurin ta bincika da sunansa, ta bincika da lambarsa, ta bincika da ranar, ta ɗago ta ce babu komai. Ban taɓa ganin fuskar mijina haka ba, Wendell. Bai yi fushi ba, kunya ya ji, kamar shi ne ya yi ƙaryar. Ya cike sabon fom bayan kwana ɗari da 'yan kai. A Janairu kamfanin inshorar da ke biyan diyyar ma'aikatan jami'a ya aiko da amsa, shafi biyu cikin ladabi mai sanyi. Wai ba a sanar a kan lokaci ba, wai babu shaidar cewa a bakin aiki abin ya faru, kuma wai sun lura ya faɗi ne a gidansa jim kaɗan bayan ya dawo daga farauta. Mutumin da ya tare firji da jikinsa don 'yar wasu, an rubuta shi a takarda a matsayin maƙaryacin da ya ji ciwo a daji yana so ya ɗora wa jami'a. Inshorar lafiyarmu ta gida kuma ta ce tunda ya rubuta raunin aiki ne, ba ruwanta har sai an yanke hukunci. Wannan yana nuna wancan, wancan yana nuna wannan, likita yana jiran wanda zai ce a yanka.

Duk wannan da zan iya cewa sakaci ne. Na ma gwada. Na ce wa kaina hidimar tashi ce, kaya sun yi yawa, takarda ta shige ƙarƙashin wata. Sai Saje Lindgren, wadda ta gaje ka, ta buga maka waya, ita kam ka ɗauka. Na ga abin da ta rubuta a fayil don lauyarmu ta karɓo mana kwafi. Layi ɗaya ne: tsohon saje ya tuna wani abu game da amalanke, amma bai tuna an sanar da shi wani rauni ba. Na karanta shi a tsaye a kicin, kusa da kujerar da ka zauna. Na karanta wasiƙun 'yan kasuwar katako da suka cuci zawarawa, na karanta na shugabannin jami'a da suka kori malamai suna yi musu addu'a a layin ƙarshe, amma ban taɓa cin karo da jimla mai tsafta irin taka ba. Ba ka ce bai ji ciwo ba, ba ka ce ya ji ba. Ka dai wanke hannunka ka koma ninkaya. Sauran abokan aikin naku kuwa duk wanda aka tambaya sai ya dubi takalminsa ya ce a tambayi Wendell, shi ne saje ranar. Matar nan mai jaririya ba wanda ya ɗauki sunanta, tunda ba a rubuta komai ba.

Bari in gaya maka yadda mijin ƙanwarka yake yini yanzu. An zaunar da shi a teburin gaba yana ba da takardun izinin ajiye mota, da sanda a jingine gefen kujera. Wata shida ƙa'ida ta yarda a riƙe mutum a aikin zaune, nasa zai cika biyar ga Yuni. Idan ranar ta zo bai iya gudun gwaji ba, za a sallame shi, saura shekara uku fanshonsa ya nuna. Ka kuma san aikin wa ne sauya lambar allo kowace safiya: na wanda ke teburin gaba. Tunda an ce ba a bakin aiki ya ji ciwo ba, ba a goge allon ba. Ƙarfe bakwai na safe mijina yake dogara sandarsa ya je ƙarƙashin farantin tagullar da ke ɗauke da sunanka, ya miƙa hannu ya ƙara ɗaya. Yau ya rubuta dubu ɗaya da ɗari da saba'in da takwas. Yana dawowa da farin alli a hannun rigarsa, ni nake wankewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har yanzu kare ka yake yi. Makon jiya ya ce mini, Renata, mutumin nan ya fara tsufa, wataƙila da gaske ya manta, kuma ɗan sanda ba ya jan ɗan'uwansa gaban alƙali. Na ce masa to ya rubuta wa ɗan'uwan nasa ya aiko masa aron gwiwa ɗaya, tunda zumuncin ya kai haka. Ya ci gaba da ɓare dankali. Shekara ashirin da takwas muna tare, ban taɓa ɗaga masa murya irin ta watannin nan ba, kuma duk faɗan naka ne yake sha.

Ga abin da nake so. Lauyar ƙungiyar ma'aikata, wata mata ce mai suna Brandvold, ba ta da yawan magana. Ta ce idan shugaban mutum na kai tsaye ya san da raunin tun ranar da ya faru, doka tana ɗaukar haka a matsayin sanarwa ko da fom bai shiga ba. Shugabansa na kai tsaye ranar nan kai ne. Mun ɗaukaka ƙara, an sa zaman sauraronta sha biyar ga Afrilu, kuma dole takardunmu su shiga farkon watan. Shafi ɗaya take bukata daga hannunka, wanda za ka rantse a kansa gaban mai buga hatimin shaida, irin wanda ke zaune a kowane banki. Ka ce ka ga abin da ya faru, ka ce ya gaya maka a motar sintiri, ka ce kai ka nemi a jinkirta ka kuma karɓi fom ɗin. Ban nemi ka yi kuka a ciki ba, ban nemi ka ba kowa haƙuri ba. Na sa ambulan mai adireshinta da kan sarki a cikin wannan, don kada ka ce ka tafi sayen taya ka manta da gidan waya.

Na san abin da kake tsoro, don na zauna na yi maka tunanin. Idan fansho ne, na karanta littafin ƙa'idojinsa daga bango zuwa bango, shafi ɗari da arba'in, babu layin da zai taɓa wanda ya riga ya yi ritaya saboda jinkirta fom. Abin da zai iya faruwa shi ne a kwance farantin tagullar nan daga bango, tsofaffin abokanka kuma su yi kwana biyu suna gulmarka a wurin shan gahawa. Shi ke nan. Farantin da bai kai faɗin murfin tukunya ba a hannu ɗaya, ƙafar Emmett da aikinsa a ɗayan, kai kuma wata shida kana aunawa ba ka gama ba.

Yanzu sai abin da ba ka sani ba. Duk shekara ofishinku yana aiko mana da kwali na hotuna da takardun bukukuwa don a adana, kai da kanka ka sha kawo shi. Na bara ya iso a Fabrairu, kuma ni aka ba in tsara. A ciki akwai bidiyon liyafarka, wanda ofishin ya ɗauka da kansa. Ka tuna ban ji jawabinka ba ranar nan, na fita da Mama a kekenta zuwa banɗaki, da na dawo ana tafi. To, na ji shi yanzu. A minti na goma sha huɗu kana tsaye da wuƙar yanka kek a hannu, allon yana bayanka da dubunsa, ka ce: "Saura ƙiris mijin ƙanwata ya ɓata mini lissafi ranar tarewar ɗalibai, ya je ya rungumi firji da gwiwa. Na ce masa, ango, riƙe ciwonka har in ci kek ɗina." Ɗakin ya kwashe da dariya, har da shugaban 'yan sanda. Mai ɗauka ya juya kan Emmett, ƙafa a miƙe kan kujera, yana dariya tare da ku don bai san me zai yi da fuskarsa ba. Sau uku na kalla. Na ba bidiyon lamba, na rubuta bayaninsa kamar yadda nake yi wa kowane, na ajiye shi a kanta. Kwalin buɗaɗɗe ne ga jama'a. Duk wanda ya shigo ya cike 'yar takardar neman gani, dole a fito masa da shi.

Ban gaya wa Brandvold ba tukuna, ban gaya wa Emmett ba. Za ka tambayi dalili, tunda bidiyon shi kaɗai ya ishe ni. Idan aka kunna shi gaban alƙali, za a aiko maka da sammaci, a zaunar da kai a karanta maka layin nan na ban tuna ba, sannan a kunna muryarka. Daga nan ba sauran zancen saje da ya jinkirta fom, sai na mutumin da ya yi ƙarya aka kama shi, kuma garin nan ƙarami ne, kafin Lahadi zancen ya isa teburin kartar Mama. Ba na so. Ina da shekara bakwai na taka fasasshiyar kwalba a bakin tafki, ka goya ni har gida jini yana zuba a rigarka, da Baba ya tambayi wanda ya fasa kwalbar ka ce kai ne, alhali ba wanda ya gan ka, ka sha bulalarka. Na daɗe ina ba Annika wannan labari idan ina so ta san irin gidan da ta fito. Shi ya sa na riƙe lambar kantar nan kusan wata guda. Ina so maganar ta fito daga bakinka da kanka, tun kana da zaɓi.

Ka gaida Darla, ka ce mata ban riƙe ta da komai ba, na san ba daɗi tsayawa tsakanin mutum da wayarsa. Ka gaida ɗanka Corwin da matarsa idan sun zo muku hutun Ista, ka shafa mini kan jikokinka. Mama tana gaishe ka, ta ce in tuna maka ka riƙa sa hula a rana. Annika ma tana gaisuwa, ita har yanzu kawunta jarumi ne, kuma ban taɓa mata wannan ba. Allah ya ba ku lafiya, ya tsare ku a hanya da gida.

Juma'a ashirin da takwas ga Maris, ƙarfe biyar na yamma, zan buga wa Brandvold in tambaye ta ko ambulan ɗin ya iso. Idan ya iso, bidiyon zai ci gaba da zama a kantarsa tare da sauran abubuwan da ba mai nema, ni kuma ba zan sake ta da zancen ba har mu mutu. Idan bai iso ba, a wannan wayar zan karanta mata lambar kwalin da minti na goma sha huɗu, ranar Litinin ta zo ta cike takardar neman gani, abokiyar aikina ta miƙa mata, don ba zan so a ce na taɓa shi da hannuna ba. Da yammar ranar zan gaya wa Emmett, ranar Lahadi kuma in daina gaya wa Mama layin Arizona ne ba shi da kyau. Ko ta wace hanya aka bi, allon nan sai an goge shi, Wendell. Mijina zai rubuta sifili da hannunsa, su kira shi Sifili iya son ransu. Donot ɗin ni zan saya.

Ƙanwarka har gobe,
Renata